Ko da gaske mutanen ƙauye ne ke jan ragamar kare muhalli a tsibirai?

Wata malama da ke koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Jos, wadda kuma ita ce ke kula da ƙungiyar ɗalibai ta kare muhalli, ta aiko da tambaya. Ta ce ta sha jin ana yabon wasu tsibirai na yankuna masu zafi, ana cewa a can mutanen ƙauye ne da kansu suke wayar wa juna kai game da muhalli, har ma suna gudanar da bincike a kan dabbobinsu da kifayensu. Tana son ta san ko hakan gaskiya ne, ko kuwa ƙungiyoyin ƙasashen waje ne ke yin aikin sannan su ɗauki hotunan masunta domin rahoton da za su kai wa masu ba su kuɗi. Idan kuwa gaskiya ne, me ya sa nata ɗaliban suke haddace darasin dashen itace su ci jarrabawa, amma ba a ganin wani canji a unguwanninsu?

Malama, zargin da kika yi yana da tushe, domin kusan duk inda aka yi irin wannan aiki ya yi suna, za ki tarar akwai wata jami'a ko wata ƙungiyar waje a farkon labarin, ita ta kawo kuɗi, ita ta kawo masana, kuma ita ce ke rubuta rahoto. Amma daga aikin da na yi a fannin nazarin halittu da muhallinsu, da abin da na karanta na waɗannan wurare, ba wanda ya kawo kuɗin ne ke bambanta aikin da ya ɗore da wanda ya rushe ba. Abin da ke bambanta su shi ne wa ya yi ƙidaya, wa ya kafa doka, kuma wa ya ga amfanin da idonsa. Inda mutanen gari suka riƙe waɗannan abubuwa, aikin ya zama nasu ko da baƙo ne ya fara shi. Inda aka bar musu sauraren lacca kawai, aikin ya bi baƙon ya tafi.

Zan fi daɗewa a kan tsibirin Pemba, domin ya fi kama da mu ta fuskar addini da zamantakewa. Pemba yana cikin Tekun Indiya, yana ɗaya daga cikin manyan tsibirai biyu na Zanzibar a ƙasar Tanzaniya, faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 1,000 ba, mutanensa kusan dukansu Musulmi ne, kuma sun dogara ne da noma da su. Kanumfarin da ake sayarwa a kasuwanninmu, Pemba na cikin wuraren da suka fi shahara da nomansa a duniya. A wannan tsibiri akwai wani babban jemage mai cin 'ya'yan itace, mai jan gashi a ƙirji, wanda idan ya buɗe fukafukansa faɗinsu ya kan kai mita ɗaya da rabi, kuma ba a samunsa a ko'ina a duniya sai a can. Mutanen Pemba suna cin namansa tun kaka da kakanni, amma da bindigogin farauta suka maye gurbin tsofaffin dabarun kamu, aka kuma sare dazuzzuka domin gonaki, sai jemagen ya yi ƙaranci ƙwarai. A ƙarshen shekarun 1980 rahotannin da suka fito sun nuna cewa 'yan ɗaruruwa kawai ake iya gani, har aka sa shi cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa.

Abin da ya biyo baya shi ne hukumar gandun daji ta Zanzibar, tare da ƙungiyar Fauna & Flora International ta Ingila, suka shiga makarantu da ƙauyuka. Ba su tsaya ga cewa a daina kashe jemage ba. Sun bayyana wa mutane cewa wannan dabba tasu ce su kaɗai, kuma ita ce ke ɗaukar ƙwayar itatuwa daga wannan daji zuwa wancan, tana barbarar furanni da dare a lokacin da ƙudan zuma ke barci. Daga nan aka kafa ƙungiyoyin kare muhalli a ƙauyukan da ke kusa da itatuwan da jemagun ke kwana, aka koya wa mutanen ƙauyen yadda ake ƙirga su, kuma wasu ƙauyukan suka kafa dokar hana harbi a wurin da kansu. Wurin da ya fi suna shi ne Kidike, arewa da garin Chake Chake, inda dubban jemagu ke rataye a kan manyan itatuwan wata tsohuwar maƙabarta. Wannan batu na maƙabarta ya cancanci a tsaya a kansa, domin itatuwan sun tsira ne tun kafin zuwan kowane masani, saboda mutane ba sa saran itace ko harba bindiga a inda iyayensu ke kwance. Masanan ba su ƙirƙiro wurin tsaro ba, sun tarar da shi ne a cikin al'adar mutanen, suka gina a kansa.

Ƙidayar da aka yi a 1995 ta ba da tsakanin jemagu 4,600 da 5,500, kuma mafi yawansu suna tattare ne a wurare kamar goma. Zuwa 2008 an ƙirga sama da 22,000, aka kuma sauko da jemagen daga matakin gab da ƙarewa zuwa mataki mai sauƙi. To, a nan ne nake so ki koya wa ɗalibanki yin tambaya, domin wannan shi ne bambancin bincike da talla. Macen wannan jemage ɗa guda take haifa a shekara. Kafin 5,000 su zama 22,000 cikin shekara 13, sai yawansu ya riƙa ƙaruwa da kusan kashi 12 cikin ɗari kowace shekara ba fashi, abin da zai yiwu ga dabbar da aka daina harbi, amma yana kusa da iyakar abin da mai haihuwar ɗa guda za ta iya. Tsallen da aka yi kuwa daga 'yan ɗaruruwa zuwa dubu biyar cikin 'yan shekaru, haihuwa kaɗai ba za ta iya kawo shi ba. A ganina wani kaso na wannan ƙaruwa ya samo asali ne daga ingancin ƙidayar kanta, domin baƙon da ya zo na 'yan makonni ba zai san kowane itacen da jemagu ke kwana ba, amma manomi da maharbi da ɗan makaranta sun sani. Wannan bai rage darajar aikin ba. Hasali ma shi ne hujja mafi ƙarfi a kan tambayarki, domin ya nuna cewa sai da mutanen gari suka shiga ƙidayar sannan aka san gaskiyar adadin.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin tsibiri a yammacin Pemba mai suna Misali, wanda ba a zaune a cikinsa dindindin, sai dai masunta daga ƙauyuka da dama su kan yi zango a can. Kewaye yake da murjani, wato waɗannan halittu masu kama da duwatsu masu rassa da ke girma a ƙarƙashin ruwa, inda kifaye ke samun abinci da mafaka da wurin hayayyafa, kuma kunkurun teku na zuwa yin ƙwai a gaɓarsa. Wasu masunta sun kasance suna jefa nakiya a ruwa, kifi ya taso matacce su kwashe, murjanin da ya ɗauki shekaru masu yawa yana girma ya farfashe a cikin daƙiƙa guda. Dokar gwamnati ta hana, amma abin bai hanu ba. A 1998 aka ayyana Misali a matsayin wurin da ake kiyayewa, aka keɓe wani ɗan yanki da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ruwan ba inda aka hana su gaba ɗaya, aka bar sauran ga masu amfani da halattattun kayan kamu. Daga 1999 kuma wata cibiya ta Musulunci mai nazarin muhalli da ke Birmingham a Ingila, wadda Fazlun Khalid ya kafa, ta haɗa hannu da ƙungiyar agaji ta CARE suka fara zama da limamai da malaman makarantun Alƙur'ani da shugabannin masunta.

Abin da aka tattauna a waɗannan zama ba baƙo ba ne ga duk wanda ya yi karatun allo ya shiga littattafai. An duba ayoyin farkon Suratur Rahman da ke magana a kan ma'auni da hanin ƙetare iyaka a cikinsa, da ayar Suratur Rum da ke cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, da matsayin ɗan Adam na halifa a bayan ƙasa wanda za a tambaya game da amanar da aka ba shi. Limamai suka ɗauki maganar zuwa huɗubar Juma'a, daga baya kuma aka wallafa littafin jagora ga malamai a kan haka. Masunta da yawa da suka yi kunnen ƙashi da jami'in gwamnati sun saurari limaminsu, kuma rahotanni sun nuna kamun kifi da nakiya ya ja baya sosai a yankin. Sai dai ina jan hankalinki kada ki ɗauka huɗuba ce kaɗai ta yi aikin, kamar yadda wasu masu ba da labarin suke so a ɗauka. A daidai wannan lokaci an kafa ƙungiyar masuntan Misali, an sa masu gadi daga cikinsu suna sintiri, kuma wani kaso na kuɗin da masu yawon buɗe ido ke biya yana komawa ƙauyuka. Wa'azi ya sa mutum ya ji kunyar jefa nakiya, sintiri ya sa ya ji tsoron a gan shi, kuɗin shiga kuma ya sa maƙwabcinsa ya sami dalilin hana shi. Da an cire biyun ƙarshe, ban yi tsammanin na farkon zai daɗe shi kaɗai ba, domin mai iyali da ya fita teku ya dawo hannu rabbana ba zai daɗe yana tuna huɗuba ba.

Misalin da ya fi fito da batun amfanin da ake gani da ido yana kudu maso yammacin Madagaska, a wani ƙauyen masunta mai suna Andavadoaka, na mutanen da ake kira Vezo. Babbar hajarsu ita ce wata halittar teku mai hannuwa takwas, mai laushin jiki, wadda Turawa ke kira oktofas, kuma mata ne suka fi kama ta, suna bin kan murjani da ɗan mashi idan ruwa ya janye. Da 'yan kasuwa masu kai ta Turai suka fara saye da yawa, sai kamun ya yi tsanani, abin da ake samu ya riƙa ƙanƙancewa. Masana daga ƙungiyar kare teku ta Blue Ventures da cibiyar nazarin teku ta Jami'ar Toliara sun san wani abu game da wannan halitta, wato ba ta wuce shekara ɗaya zuwa biyu a duniya, kuma tana girma da sauri ƙwarai, har nauyinta kan ninka cikin 'yan makonni. Saboda haka ba su nemi a rufe teku har abada ba, abin da babu masuncin da zai yarda da shi. Shawarar da aka kai ga dattawa ita ce a rufe wani yanki guda na 'yan watanni a gani. A watan Nuwamba na 2004 ƙauyen ya rufe wani fili na murjani mai faɗin kimanin hekta 200 na tsawon wata bakwai, kuma ba da dokar gwamnati aka rufe shi ba, da dokar gargajiya ce da mutanen Madagaska ke kira dina, wadda taron gari ke yankewa ya kuma sa tarar wanda ya karya.

Bahaushe ba zai yi mamakin wannan dabara ba, domin ita ce ake yi a Argungu, inda ake hana su a Matan Fada tsawon shekara ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, sai ranar biki a saki masunta su fito da manyan giwan ruwa. Abin da mutanen Andavadoaka suka ƙara a kai shi ne awo da rubutu. An horar da 'yan ƙauyen, da yawansu mata, su zauna a bakin gaɓa da sikeli da littafi, duk wanda ya fito daga ruwa a auna abin da ya kamo, a rubuta nauyi da wurin da aka kamo da adadin mutanen da suka fita. Ranar buɗewar farko ma ta zo da darasi mai ɗaci, domin labari ya bazu, masunta daga wasu ƙauyuka da ba su yi haƙurin komai ba suka yi dafifi suka raba ribar da masu wurin. Maganin da aka samo shi ne ƙauyuka maƙwabta su riƙa rufe nasu yankunan su buɗe a rana ɗaya, kuma daga wannan ne aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙauyuka sama da ashirin mai suna Velondriake a 2006. Da aka tattara rubutun shekara takwas aka nazarci rufewa 36, binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa abin da ake kamawa a waɗannan wurare a watan da ke bin buɗewa ya ninka na watan da ya gabaci rufewa fiye da sau bakwai, kuɗin da ƙauyuka ke samu daga wannan kamu a wannan wata kuma ya ninka fiye da sau biyu. Masanan jami'a ne suka yi lissafin ƙarshe, amma kowace lamba da suka yi aiki da ita daga littafin wata mata ko wani saurayi na bakin gaɓa ta fito. A 2015 masuntan Kisiwa Panza a Pemba suka ɗauki wannan dabara suka gwada a nasu ruwan.

Abin da ya fi burge ni a labarin Madagaska shi ne jerin yadda abubuwa suka zo. Mutanen da da farko ba za su saurari maganar keɓe wani yanki na dindindin ba, bayan sun ga abin da rufewar 'yan watanni ke kawowa, su da kansu suka keɓe wuraren da ba a taɓawa sam, suka kuma hana kamun kifi da guba. Ilimin muhallin bai zo kafin aikin ba, a cikin aikin ya zo.

Domin kada a ce na kawo labaran nasara kawai, ga wani daga ƙasar Filifin. Masanin halittun ruwa Angel Alcala na Jami'ar Silliman ya kafa wurin kiyaye kifi a tsibirin Sumilon a 1974, bisa yarjejeniya tsakanin jami'ar da hukumar ƙaramar hukuma. Kifi ya yawaita, bincike ya tabbatar, amma masuntan yankin ba su ɗauki wurin a matsayin nasu ba. Da siyasa ta juya aka sami sabbin shugabanni, sai aka afka wa wurin a 1984, aka kwashe abin da aka tara cikin shekara goma. A tsibirin Apo kuwa, wanda bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, Alcala da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna zama da iyalan masunta kafin a keɓe komai, aka fara da ɗan yanki a 1982, mutanen tsibirin suka kafa kwamitinsu suka riƙa gadi da kansu, wurin kuma ya ɗore har ya zama abin koyi a faɗin ƙasar. Masani ɗaya ne, ilimi ɗaya ne, ruwa kusan ɗaya ne. Ko a Apo ɗin ma, guguwar teku ta 2011 da ta 2012 sun ragargaza murjanin yankin da aka keɓe, abin da ke tuna mana cewa akwai ɓarnar da ta fi ƙarfin kwamitin ƙauye. Haka nan nasara kan haifi tata rigimar. A tsibirin Morishus, da manoma suka yi kukan cewa jemagu na cinye musu mangwaro da sauran 'ya'yan itace, gwamnati ta sa aka kashe sama da 30,000 a 2015 duk da adawar masana. Duk wanda ke murnar yawaitar jemagun Pemba, ya kamata ya riƙa tambayar mai gonar mangwaro yadda yake ji.

Yanzu ga ɓangare na biyu na tambayarki. Tsibiri yana da wata fa'ida da Jos ba ta da ita, wato iyaka. Ruwa ya kewaye shi, mutanen sun san juna, baƙo ba ya shigowa a ɓoye, kuma idan abu ya ƙare kowa zai gani, domin babu wani dajin da za a matsa gaba a shiga. Ɗalibanki kuwa ana koya musu kwararowar hamada da ɗumamar yanayi da sare dazuzzukan Najeriya baki ɗaya, abubuwan da gaskiya ne amma sun fi ƙarfin idon yaro, ba shi da inda zai tsaya ya ce ga abin da hannuna ya canja. Shi ya sa darasin ke ƙarewa a takardar jarrabawa. Ba laifinsu ba ne, kuma ba naki ba ne, yadda aka tsara darasin ne.

Amma ba sai kin je Tekun Indiya za ki ga yadda ake yi wa wuri iyaka ba. A Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos, akwai dajin Amurum mai faɗin kusan hekta 300, wanda gonaki suka kewaye shi ta kowane gefe, kuma ya tsira ne tun asali saboda mutanen wurin suna girmama shi a al'adance. A nan ne aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a farkon shekarun 2000, bisa yarjejeniya tsakanin Jami'ar Jos da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya da al'ummar Laminga. An ga nau'in tsuntsaye kusan 300 a wannan ɗan wuri. Daga cikinsu akwai wani ƙaramin jan tsuntsu na kan duwatsu wanda sai a 1998 masana suka tantance shi a matsayin nau'i na daban, da kuma wani baƙin tsuntsu da ke zuba ƙwansa a sheƙar jan ya bar masa reno, har ma ya kwaikwayi kukansa. Cikin masu taimaka wa masu bincike a dajin akwai 'ya'yan ƙauyen, waɗanda wasunsu ke gane tsuntsu da kukansa tun kafin mai digiri ya ɗaga madubin hangen nesa. Daga wannan cibiya ce kuma aka fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, inda masu sa kai, ciki har da matasan Arewa da yawa, ke zagaya yankunansu suna rubuta tsuntsayen da suka gani suna aikawa ta wayar hannu. Ƙungiyar ɗalibanki za ta iya shiga wannan ba tare da ta jira tallafin kowa ba.

Shawarata ita ce ki zaɓi wuri ɗaya ƙarami da ɗalibai za su iya zagayawa da ƙafa cikin awa guda, ko wani tsauni ne a bayan makaranta, ko ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari, ko wani yanki na rafin da ke ratsa unguwa, ko rukunin manyan itatuwan da jemagu ke kwana. Sannan ki zaɓi abu ɗaya da za a riƙa ƙirgawa ko aunawa, a rana ɗaya ta kowane wata, a lokaci ɗaya, ta hanya ɗaya, domin ƙidayar da aka canja wa hanya a tsakiya ba ta da amfani wajen kwatanta bana da bara. A rubuta a littafi mai bango mai ƙarfi da zai zauna a makaranta, 'yan aji uku su miƙa wa 'yan aji ɗaya kafin su fita. A rubuta har da ranar da ba a ga komai ba, domin sifili ma sakamako ne, kuma shi ne abin da masu fara bincike suka fi yawan zubarwa. Shekarar farko ba za ta gaya muku komai ba sai yadda damina da rani ke juya lambobin. Daga shekara ta uku ne za ku fara ganin ko abu na ƙaruwa ko raguwa.

Kafin a fara, a je wurin mai unguwa, a kuma nemi limami da fasto na yankin, tunda Jos gari ne da aikin da ya jingina da ɓangare ɗaya kawai ba ya nisa. A tambayi masu amfani da wurin, wato mata masu itacen girki, da makiyaya, da masu fasa dutse, da 'yan lambu masu ban ruwa da kududdufi, abin da suka lura ya canja a shekarun da suka yi a nan, domin su ne ke riƙe da tarihin da babu shi a kowane littafi. Idan sakamako ya fito, su ne farkon waɗanda za a karanta wa, da Hausa ko da harshen da suka fi ji, kafin a kai wa wani jami'i ko wata ƙungiya. Kada ɗalibai su je da niyyar hana kowa komai. Idan doka za ta fito, to ta fito daga bakin masu wurin bayan sun ga lambobin, kuma ta fi kyau ta zama ƙarama mai wa'adi, kamar a bar saran wani gefen tsauni na damina biyu a gani, maimakon hani na har abada da ba wanda zai bi. A kuma yi tunanin wanda hanin zai fi shafa tun da wuri, domin matar da aka hana itace ba a nuna mata inda za ta samu wani ba, ba za ta bar 'ya'yanta da yunwa saboda littafin 'yan makaranta ba.

Idan wata ƙungiya ta zo da tayin tallafi, ba laifi a karɓa, amma a yi mata tambayoyin da suka dace tun a zaman farko: a hannun wa littafin ƙidaya zai zauna, sunan wa zai fito a rahoto, kuma wane ɓangare na aikin ne zai ci gaba ranar da kuɗin ya ƙare. Tallafi irin wannan yawanci na shekara biyu ne zuwa uku, alhali daji ko kifi ko jemage na bukatar shekara goma kafin a ga canji na gaske, saboda haka duk aikin da ba zai iya tafiya da sikeli da littafi da biro ba, to an gina shi ne a kan abin da ba zai daɗe ba.

Idan jemagu kuka zaɓa, akwai abubuwa biyu da za ki kiyaye. Jemagen da ke taruwa dubbai a itatuwan garuruwanmu mai ƙaura ne, yana bin nunar 'ya'yan itace daga wannan yanki zuwa wancan, saboda haka raguwarsa a wani wata ba ta nufin an kashe shi, sai an kwatanta wata ɗaya na shekaru daban-daban. Ana ƙirga shi ne da rana yana rataye, a ƙirga na reshe ɗaya, a ƙiyasta na itace, a haɗa na itatuwa, kuma mutum biyu su yi ƙidayar kowannensu daban sannan a kwatanta. Na biyun kuma ya shafi lafiya. Wannan jemage na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta, ciki har da wata 'yar'uwar cutar haukan kare da aka fara ganowa a jikinsa a Legas a 1956. Ɗalibai su tsaya daga nesa, kada su tsaya a ƙarƙashin itacen, kada su taɓa jemage mai rai ko matacce da hannu, kuma duk wanda jemage ya ciza ko ya yaƙusa a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 a kai shi asibiti a ranar.